Kwabo mai huji na 1959: abin da launinsa ke faɗa, da koren da ke cin sa

Idan aka zo rabon gado aka buɗe adakar tsohuwa, da wuya a rasa wani ɗan gwangwani can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan saƙi da tasoshi, cike da kuɗin da aka daina karɓa tun zamanin Gowon. Irin wannan gwangwanin ne za a bi diddiginsa a nan. Na madara ne, murfinsa ya ci tsatsa, ya shekara hamsin da ɗoriya a ɗakin ƙasa wanda bangonsa ke tsotsar ruwa duk damina. A ciki akwai kwabbai masu huji na 1959. Waɗansu a zube suke, waɗansu an zura su a zare an ɗaure kamar carbi, kaɗan suna cikin 'yar lalitar fata, waɗansu kuma an naɗe su a takardar jarida an ɗaure da kyauro. Kafin a kai ga wanda ya san kan abin, ɗaya daga cikin magada ya riga ya ɗebi guda goma ya dirje su da lemon tsami da toka, shi a ganinsa gata ya yi musu.

Da aka baje su a kan farin ƙyalle sai ka rantse ba uwa ɗaya ta haife su ba. Mafi yawa ruwan makuba ne, sumul. Na zare bakinsu ya yi duhu amma fuskarsu ja ce, har da zoben shuɗi da shunayya a gefe. Na jarida sun yi baƙi. Na lalita sun yi wani kore mai danƙo. 'Yan kaɗan daga ƙasan gwangwani suna da ɗigon kore mai haske wanda ke zuba kamar gari. Waɗanda aka dirje kuwa sun koma ruwan hoda, fayau, babu rai. Shekara ɗaya ce a jikinsu, ƙarfe ɗaya, gwangwani ɗaya. Aikin shi ne a gane wane launi ne fatar da ƙarfen ya yi wa kansa, wanne ne datti da ya hau kansa, wanne ne cuta.

Ƙarfen tukuna

Kwabon 1959 shi ne na farko da ya fito da sunan Tarayyar Nijeriya, a shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki. Kafin nan kuɗin Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma ake kashewa, wadda aka kafa a 1912, kuma daga can aka gaji hujin tsakiya da tauraro mai tsini shida. Tsofaffin kwabban wancan zamani, da ɗari da yawancin anini, farare ne, don gamin jan ƙarfe da nikel ne. Sai a 1952 aka koma tagulla. Saboda haka idan an ga farin kwabo mai huji a cikin tarin, ba kankare shi aka yi ba, haka aka buga shi, kuma bayanin da ke tafe bai shafe shi ba.

Tagullar kuɗi irin ta Ingila kusan duk jan ƙarfe ce. Gamin da aka fara da shi a 1860 kashi 95 ne na jan ƙarfe, 4 na kuza, 1 na tutiya, daga baya aka rage kuza ya koma rabin kashi, jan ƙarfe ya kai 97, tutiya biyu da rabi. Kenan halin kwabo halin jan ƙarfe ne, kuma a cikin ƙarafan da ake buga kuɗi da su yana daga masu saurin amsa kiran iska. Sunan ma daga nan ya samo asali, don kalmar kwabo daga sunan jan ƙarfe a Turanci ta fito.

Kafin komai a bi tarin da maganaɗisu. Kwabo da rabin kwabo na 1973, mai hoton rijiyoyin mai da mai hoton auduga, tagulla ne, ba sa kamawa. Amma kwabo ɗaya da goma da ashirin da biyar na 1991 baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufin jan ƙarfe, suna manne wa maganaɗisu, kuma da zarar rufin ya huje sai tsatsa. A ware su gefe, don tsatsarsu tana ɓata na kusa da su.

Makuba ba datti ba ce

Ranar da kwabo ya fito daga injin bugu ja ne mai ruwan goro, yana sheƙi. Daga ranar iskar oksijin take fara haɗuwa da fuskarsa tana gina wata siririyar fata da masana ke kira kufrayit, mai launin ja-ja zuwa ruwan ƙasa. Idan akwai burbushin farar wuta a iskar, sai ta shiga cikin fatar ta ƙara mata duhu. Hannun mutane kuma yana ƙara nasa: maiƙon fata, gumi, da gugar aljihu da ke lallaɓe fatar tana yin sumul. Kwabon da ya yi yawo a kasuwa shekara goma sha huɗu, daga hannun mai ƙosai zuwa na mai goro, dole ya koma ruwan makuba. Wannan fatar a manne take da ƙarfen, da ƙarfen kansa aka gina ta, kuma tana rage wa iska hanyar isa ga abin da ke ƙasa. Duk wanda ya cire ta ya cire wani ɓangare na kwabon, ya kuma bar sauran tsirara.

Yadda ake gane ta gaskiya: a riƙe kwabon ta baki, a karkata shi ƙarƙashin fitila ɗaya a ɗaki mai ɗan duhu, a duba da gilashin ƙara girma mai ninki goma. Launin ba ya zama ɗaya a ko'ina. Kan kambi da tsinin tauraro da saman haruffa, inda yatsa ke gogawa, sun fi haske. Lungunan haruffa sun fi duhu. Sauyin daga haske zuwa duhu a hankali yake tafiya, babu iyaka mai kaifi. Tsofaffin ƙarce-ƙarce su ma sun yi duhu daidai da kewayensu. Waɗannan kwabban, da su ne mafi yawa a gwangwanin, ba su buƙatar komai illa a kaɗe musu ƙura da iska.

A nan akwai abin lura game da ƙurar hunturu. Mai laushi ce a ido, amma tana ɗauke da ɓarɓashin yashi wanda ya fi tagulla tauri nesa ba kusa ba. Goge kwabo mai ƙura da gefen riga daidai yake da bin sa da 'yar takardar guga. A hura masa iska da robar hura iska irin ta masu gyaran kyamara. Kada a hura da baki, dalilin na zuwa.

Na zare, inda kyan yake

Waɗanda aka zura a zare su ne suka fi ba da sha'awa, kuma su ne mai gaggawa ya fi saurin lalatawa. Alama ta nuna sababbi aka samo su, wataƙila daga banki ko wurin awon gyaɗa, aka zura su aka matse, fuska na kallon fuska. Iska ba ta samu shiga ba sai ta baki da ta huji. Shi ya sa bakin ya yi duhu, launin ya riƙa kutsawa ciki yana raguwa, tsakanin huji da baki kuma aka bar zoben ja na asali. Biyu na ƙarshen zaren, da fuskarsu ɗaya ke waje, kowanne gefe ɗaya makuba gefe ɗaya ja. Wannan shaida ce mai ƙarfi cewa launin na Allah da Annabi ne, don da wuya mai haɗa launi da hannu ya kwaikwayi wannan tsari.

Shuɗin da shunayyar da ke gefe ba rini ba ne. Fatar a wurin siririya ce ƙwarai, tsakanin nanomita 40 zuwa 130 ko kusa da haka, wato silin gashin kai ya ninka ta kauri sau ɗari biyar ko fiye. Haske yana faɗowa, wani ya dawo daga saman fatar, wani ya ratsa ya dawo daga ƙarfen ƙasa, su haɗu, waɗansu launuka su kashe juna waɗansu su ƙarfafa. Abin da ake gani ke nan idan digon man fetur ya bazu a kan ruwan kwata. Kauri ne ke yanke launin: daga ja-ja zuwa shunayya, zuwa shuɗi, zuwa kore mai haske, zuwa rawaya, har fatar ta yi kaurin da haske ba ya ratsa ta, sai a koma makuba. A kwabo na gaskiya launukan suna bin juna a jere bisa wannan tsari daga ciki zuwa baki.

Ƙarƙashin launin kuma akwai sheƙin bugu. Lokacin da injin ya danna ƙarfen, ƙarfen yana malalawa daga tsakiya zuwa baki, yana barin siraran layuka da ido ba ya gani. Su ne ke sa idan an juya sabon kwabo a gaban fitila a ga haske yana zagayawa kamar hannun agogo. Layukan nan a saman fuska kawai suke. Guga ɗaya da toka ko man goge tagulla ta share su, kuma babu wani abu a duniya da ke dawo da su.

Kamfanonin tantance kuɗi na Amurka, PCGS da NGC, suna raba jan ƙarfe gida uku bisa wannan. A ma'aunin PCGS: ja, idan kashi 95 ko fiye na jan asali yana nan, ja da makuba, idan abin da ya rage yana tsakanin kashi 5 da 95, makuba, idan bai kai kashi 5 ba. Na zaren nan mafi yawansu a gida na biyu za su faɗa. Gaskiyar da ya kamata magada su ji ita ce, kwabon 1959 miliyoyi aka buga, wanda ya sha yawo bai da wani kuɗin a zo a gani a wurin masu tarawa. Ɗan abin da ke da daraja a gwangwanin shi ne waɗannan da ba su taɓa shiga kasuwa ba, kuma darajar tasu a fatar take zaune.

A kan biyu daga cikinsu akwai ɗige-ɗigen baƙi kamar kan allura, a kan wani kuma zanen yatsa ya fito ɓaro-ɓaro. Ɗigon yawanci feshin yawu ne ko tari, wanda ya sauka ya bushe ya zama wurin da ƙarfe ya fi saurin ci. Zanen yatsan kuma gishirin gumi ne ya ci ƙarfen. Dukansu sun riga sun shiga jiki, ba sa fita. Don haka ake riƙe jan kwabo ta baki, da safar hannu ta roba irin ta naitiril, kuma ba a magana a kansa.

Zaren kansa a yanke shi da almakashi, kada a zare kwabban ta kansa suna gugar juna. Kafin a yanke a ɗauki hoto, a kuma kiyaye jerin da suke.

Baƙi

Na cikin jarida labarinsu gajere ne. Kyauro roba ce da aka dafa da farar wuta, idan ya tsufa yana sakin ta. Takardar jarida kuma tana da tsami. Farar wuta da jan ƙarfe suna haɗuwa su ba da fata baƙa, har ana ganin layin kyauron a kan na waje kamar an ja da alƙalami. Haka hayaƙin janareta da na gawayi, warin kwatami, ulu, kan ashana, albasa da dafaffen ƙwai suke yi, sai dai a hankali. Baƙin nan ba ya ci gaba da cin ƙarfe idan an raba kwabon da abin da ya jawo shi. Muni ne kawai, kuma a bar shi ya fi, don abin da zai cire shi zai tafi da fatar gaba ɗaya.

Kore iri uku

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada, don mutane suna ɗaukar kowane kore abu ɗaya ne. Tsinken sakace da gilashin ƙara girma sun isa raba su.

Na farko kore ne mai duhu, mai tauri, mai ɗan sheƙi kamar fentin tasa. Tsinke yana zamewa a kansa. Wannan malakit ne, yana samuwa idan jan ƙarfe ya daɗe da danshi da iskar kabon, galibi a kuɗin da aka tono daga ƙasa. Ya zauna, ba ya yaɗuwa. Masu tara kuɗin Rumawa ma nemansa suke yi. A gwangwanin nan ɗan kaɗan ne a lungun haruffa, a ƙyale shi.

Na biyu shi ne na lalita: kore mai danƙo kamar kakin zuma, tsinke yana kwasar sa. Man da aka shafa wa fata a majema ne ya haɗu da jan ƙarfe. Man gyaɗa da manja da man shanu duk haka suke yi, shi ya sa shawarar jiƙa kwabo a mai ba ta da kyau. Wani ɗan'uwansa yana fitowa a kuɗin da aka ajiye cikin leda mai laushi ta PVC, kore mai yauƙi. Wannan nau'in a saman fata yake, kuma asiton, wani ruwan sinadari mai saurin bushewa, yana narkar da shi. A zuba asiton tsantsa a ƙaramar kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe, a sa kwabo ɗaya, a rufe, a ajiye a inuwa minti goma zuwa sha biyar. A fitar, a mirgina auduga jiƙaƙƙiya da asiton a kai, mirginawa kawai ba gogawa ba, a ɗauraye a sabon asiton, a jingina shi ya bushe. Abubuwa uku ke ɓata wannan aiki. Ruwan goge jan farce ba asiton tsantsa ba ne, akwai mai da turare a ciki da ke barin dabbare. Kwanon roba asiton yana narkar da shi ya shafa wa kwabon. Sannan asiton yana kama wuta kamar fetur, kada a yi aikin kusa da risho ko gas ko mai shan taba, kuma a buɗe taga. A sani cewa inda danƙon ya zauna zai iya fitowa da ɗan haske fiye da kewayensa, don tsaminsa ya riga ya taɓa fatar.

Na uku shi ne abin tsoro, kuma shi kaɗai ne a duk gwangwanin ke buƙatar gaggawa. Kore ne mai haske, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi, busasshe, yana tasowa kamar ƙurji. Tsinke na taɓa shi sai ya zube kamar garin kuka, a ƙasa kuma a tarar da rami. Masu adana kayan tarihi suna ce masa cutar tagulla. Tushensa kulorayid ne, wato ɓangaren gishiri, daga gumi ko ƙasar bango ko ruwan rijiya. Yana kutsawa ƙarƙashin fatar ya haɗu da ƙarfe ya zama wani sinadari fari-fari mai kama da kaki, ya kwanta shiru muddin wurin a bushe yake. Da danshi da oksijin suka iso gare shi, sai ya kumbura ya zama wannan koren gari, ya fasa fatar, kuma a cikin haka ya saki asid. Asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, ya sake haifar da sinadarin farko, aikin ya koma farko. Ba ya tsayawa da kansa sai ƙarfe ya ƙare ko danshi ya ɗauke.

Yanayin Arewa yana ɓoye wannan cuta. Daga Disamba zuwa Maris danshin iska a Kano da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20, cutar ta yi barci, mai kaya ya share garin ya ɗauka ya warke. A Agusta danshin ya haura 70, a ɗakin ƙasa ma ya fi haka, ta farka. Ita kuwa da danshi ya wuce kashi 40 da 'yan kai take motsawa. Kenan kwabban ƙasan gwangwanin nan damina hamsin suka yi ana cin su wata uku-uku. Jan dabbaren da ke jikin waɗansunsu kuma tsatsar gwangwanin ce ta zauna a kansu, ba tasu ba ce.

Idan ana shakka, akwai gwaji. A share garin, a sa kwabon a kan murfin kwalba cikin rufaffen mazubi, a ajiye jiƙaƙƙiyar auduga a gefe ba tare da ta taɓa shi ba, a bari kwana biyu. Idan sabon kore ya tsiro a ramin, cutar na da rai. Kada a yi wa jan kwabo wannan gwaji, danshin zai dusashe shi.

Maganin yana cin lokaci. Da farko a ware masu cutar, don garin yana ɗauke da kulorayid zuwa na kusa. A ƙarƙashin gilashi a ƙwaƙule garin da tsinken sakace ko ƙayar aduwa har a ga ƙasan ramin. Allura tana ƙarce ƙarfe, a guje ta. Sai a jiƙa a ruwan sodiyam seskwikabonet. Ana samar da shi ta hanyar haɗa sodar wanki da bakin soda: a lita ɗaya ta tataccen ruwa, giram 11 na sodar wanki busasshiya da giram 9 na bakin soda suna ba da ƙarfin kashi 2. Mai kashi 5, wato giram 28 da 22, ya fi sauri amma yana iya kware fatar makuba ya bar kwabon ja-ja, don haka a fara da mai sauƙin. Wanda bai samu sodar wanki ba ya gasa bakin soda a oven a digiri 200 na awa ɗaya, za ta koma ita. Kowane kwabo da kwalbarsa, ruwan ya rufe shi sosai, a canja duk mako, a bi ramin da tsinke a kowane canji. Ruwan zai riƙa yin shuɗi-shuɗi. Mai sauƙi yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, mai zurfi watanni. Inda ake da ɗakin gwaji na makaranta, a ɗebi kaɗan daga ruwan jiƙon, a tsamama shi da digon asid naitirik, a ɗiga silba naitiret: idan ya yi fari kamar an ɗiga madara, da sauran kulorayid.

Wani zai ce ai wannan kanwa ce. Ya yi kusa da gaskiya, don babban sinadarin kanwa shi ne wannan ɗin. Amma kanwar kasuwa, ta Borno ce ko ta Manga, a gauraye take da gishiri da ƙasa, wato za a jiƙa majinyaci a cikin abin da ya kwantar da shi. Haka batun ruwa. Ruwan famfo da na rijiya da na leda duk suna da kulorayid. Tataccen ruwa ake nema, kuma a yi hattara da kalmar ruwan batir a bakin masu kayan mota, don suna kiran tataccen ruwa da haka, suna kuma kiran asid da haka. Gara a saya wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaji, a karanta jikin jarkar.

Bayan jiƙon ƙarshe a ɗauraye a tataccen ruwa sau uku, a bar shi kwana ɗaya a na ƙarshen, a tsoma a asiton don ya janye ruwan da ya maƙale a ramuka, a ajiye a rufaffen mazubi da silika jel, wato ƙwayoyin da ke tsotse danshi, na mako guda. Kada a gasa shi a wuta ko a shanya a kan kwanon rufi da rana, zafi yana sauya launi. Gidajen tarihi suna ƙarawa da benzotirayazol, giram 3 a mililita 100 na etanol, a jiƙa kwana ɗaya ko fiye. Shi ba ya fitar da kulorayid, rufi yake yi a kan ƙarfen ya hana shi aiki, kuma ana zargin yana jawo ciwon daji, sai da safar hannu da iska mai wucewa. Daga ƙarshe a shafa kakin adana kaya irin Renaissance Wax, ɗan kaɗan ƙwarai. Idan aka shafa kaki kafin kulorayid ya fita ko kafin kwabon ya bushe, an rufe ɓarawo a cikin ɗaki ne: cutar za ta ci gaba a ƙasa ba a gani. Kakin na waɗanda aka yi wa magani ne kawai. Jan kwabo da lafiyayyen makuba ba a shafa musu komai. Ramukan kuma suna nan har abada, abin da aka samu shi ne an tsayar da su.

Goman da aka dirje

Garin neman gira aka rasa ido. Tsamin lemon ya narkar da kufrayit, toka ta bi ta kankare, ƙarfen ya fito ruwan hoda wanda sabon kwabo bai taɓa yi ba. A gilashi ana ganin siraran layuka duk sun nufi gefe ɗaya, ga ragowar baƙi a lungun haruffa. Tsamiya, ruwan kal, lemon kwalba, man goge haƙori, soson ƙarfe da man goge tagulla irin Brasso duk nan suke kaiwa. Idan an haɗa da gishiri, kamar yadda ake yi wa tukunya, an shuka cutar tagulla da hannu.

Abin yi kaɗan ne. A jiƙa su a tataccen ruwa kwana biyu ana canjawa don tsamin ya fita, a tsoma a asiton, a ajiye su a fili cikin ɗaki mai tsabta a kan farar takarda marar tsami, ana juya su duk wata. Za su yi duhu cikin shekara ɗaya zuwa 'yan shekaru, amma sau da yawa dabbare-dabbare, kuma layukan gugar ba sa ɓacewa. Akwai masu gaggauta abin da gwaiduwar dafaffen ƙwai a leda, ko man farar wuta, ko zafin wuta. Wanda ya san kwabo yana ganewa nan take: launin ya hau tudu da kwari daidai wa daida, ya kwanta a kan sababbin ƙarce, shuɗin ya yi tsalle ba bisa jeri ba, ga shi babu sheƙi a ƙasa. Sayar da irin wannan a matsayin launin asali algus ne.

Ajiya

Gwangwanin da lalitar da zaren a adana su daban idan ana son tarihinsu, amma kada kuɗin su koma ciki. Kowane kwabo ya samu gidansa: kwali mai tagar foliyesta, ko ƙwanƙon roba mai tauri, ko 'yar ledar foliyetilin. Idan kwali ne mai ƙusar sitefula, a danne ƙusoshin da filaya don kada su ƙarce na kusa. Leda mai laushi mai warin sabuwar ledar ɗaki PVC ce. Ana tabbatarwa da wayar jan ƙarfe: a ƙona bakinta a wutar gas har harshen ya daina canja launi, a dangwala a ledar, a mayar wuta. Idan harshen ya yi kore, akwai kulorin, a jefar da ledar. Akwatin katako ma ba wurin ajiya ba ne, musamman sabo ko na filawud, don yana fitar da tururin tsami.

Duk a zuba a mazubin abinci mai murfin da ke datsewa, da silika jel kimanin giram 20 ga kowace lita ta girman mazubin, da ɗan agogon auna danshi a ciki inda za a iya hango shi ba tare da an buɗe ba. Lafiyayyu a riƙe su ƙasa da kashi 40, waɗanda aka yi wa magani a nasu mazubin daban ƙasa da 35. Silika mai ruwan goro ta fi, tana sauya launi idan ta ƙoshi, sai a gasa ta a digiri 120 na awa biyu a mayar. Mazubin ya zauna nesa da kicin, da ɗakin da ake turaren wuta, da bangon da ke jiƙa.

A rubuta kwanan wata a jikin kowane gida, a ɗauki hoton fuska biyu na waɗanda suka yi cutar a ƙarƙashin fitila ɗaya. A duba su a farkon Yuni kafin ruwa ya zauna, a tsakiyar Agusta, da ƙarshen Satumba, ana gwada ramukan da hoton. Wanda ya wuce damina biyu babu sabon gari, a mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Wanda ya sake tsirowa ya koma kwalba.